Tambayi Likita: An wanke huhun maigidana sau biyu, shin babu maganin da zai hutar da shi?

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah tambaya nake da ita akan maigidana, shekararsa 41. Kusan shekara biyu kenan yana fama da haki, da farko sai ya hau bene ne yake ji, daga baya ko wanka ya yi sai ya zauna ya huta, ga busasshen tari ga rama. An ce nimoniya ce aka bashi antibayotik kala-kala, aka dawo aka ce tibi ce duk da gwajin majina bai nuna komai ba, ya sha magani wata shida cur babu wani canji. Sai da aka yi hoton CT aka zura masa kyamara cikin huhu aka kuma ɗebi jininsa sannan aka ce wai PAP ce, ciwon taruwar wani maiƙo a huhu, irin wadda garkuwar jiki ke kawowa. An wanke masa huhu sau biyu kuma gaskiya yana samun sauƙi sosai, amma bayan kamar wata tara sai abin ya dawo, ni kuma duk ranar da za'a shiga da shi wallahi bana iya runtsawa. Yanzu wani yayansa ya ce tunda ciwon garkuwar jiki ne ya rinƙa shan prednisolone kamar yadda matarsa mai lupus take sha. Likita ya fara sha? Kuma babu wani magani ne in ba wankin nan ba?
Daga wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya bashi lafiya, ke kuma sannu da jinya. Bari in fara da abinda ya fi gaggawa: kada ya fara shan prednisolone ɗin nan. Yayan nasa da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma a yawancin cututtukan garkuwar jiki maganarsa tana kan hanya, amma wannan cutar daban take, kuma in kika gane yadda take sai ki ga dalili da kanki.

A can ƙarshen hanyoyin iska na huhu akwai wasu 'yan jakunkuna ƙanana, ɗaruruwan miliyoyi, ta nan iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Cikin kowace jaka jiki yana shafa wani maiƙo siriri da ake kira safaktan, shi ke hana jakar mannewa in mun fitar da numfashi. Kullum ana yin sabo, kullum kuma sai an kwashe tsohon, masu kwashewar wasu ƙwayoyin halitta ne da ake ce wa makrofej, ki ɗauke su a matsayin masu sharar huhu. Toh masu sharar nan basa girma su iya aiki sai sun samu saƙo daga wani sinadari da jiki ke yi mai suna GM-CSF. Abinda ya faru da maigidanki shine jikinsa ya ƙera antibodi, wato makaman da garkuwar jiki ke yaƙar cuta da su, masu tare wannan saƙon a hanya su ɗaure shi, saƙo bai iso ba, masu shara suna nan amma sun yi laƙwas, maiƙo na ta taruwa yana cika jakunkunan har iska ta rasa wurin shiga. Kinga kenan ba kumburi bane ke cinye huhun kamar a lupus, datti ne da ba'a kwashe ba. Shi kuwa sitiroyid, irin su prednisolone ɗin nan, aikinsa danne kumburi da garkuwar jiki, in ka bawa masu sharar da dama can sun galabaita sai ka ƙara kwantar da su. Likitoci a Japan sun bi bayanan marasa lafiyar da aka bawa sitiroyid akan wannan cutar, akasarinsu ƙara tsanani ciwon ya yi. Ga kuma babban abin tsoro, masu PAP dama suna da saurin kamuwa da wasu ƙwayoyin cuta da ba kasafai suke kama sauran mutane ba, irin su nokadiya da wasu nau'in fangas da dangin ƙwayar tibi, nokadiya har ƙwaƙwalwa tana iya zuwa. A ɗora sitiroyid akan wannan, ana gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Yawon da kuka sha kafin a gano ta kuwa, da nimoniya da tibi, wallahi kusan labarin kowane mai wannan cutar ne, kuma yana min ciwo duk lokacin da na ji. Cuta ce da ake ƙiyasin mutum 6 zuwa 7 ne ke da ita cikin miliyan ɗaya, likita zai iya gama aikinsa ya yi ritaya bai taɓa ganin ko ɗaya ba, ga shi a hoton ƙirji na yau da kullum kamanninta ɗaya da ciwon sanyin huhu. Tun 1958 aka fara bayyana ta a Amurka amma an shafe kusan shekara arba'in ba'a san me ke kawo ta ba, sai a 1994 aka lura ɓerayen gwaji da aka cire musu GM-CSF huhunsu na cika da irin wannan maiƙon, sannan a 1999 masu bincike a Japan suka gano antibodin a jikin mutane. Daga nan ne ƙofar magani ta buɗe.

Yanzu ga amsar tambayarki ta biyu. Eh akwai magani, kuma dabararsa mai sauƙin ganewa ce: tunda ana sace saƙon a hanya, sai a aika da saƙon da yawa kai tsaye inda ake buƙatarsa, ta yadda antibodin ba za su iya kame shi duka ba. Wato GM-CSF ɗin da aka haɗa a masana'antar magani, a zuba a nebulaiza, na'urar da ke mayar da magani kamar tururi, mutum ya shaƙa ya sauka cikin jakunkunan huhu. Iri biyu ne, sargramostim da molgramostim. Sargramostim tsohon magani ne, tun 1991 ake amfani da shi a Amurka a matsayin allura don farfaɗo da ɓargo bayan dashe, daga baya ne aka juya shi zuwa shaƙa saboda masu PAP. Da farko ma allurar ƙarƙashin fata aka rinƙa yi wa masu cutar, kusan rabi ne suka amfana, ga zazzaɓi da ciwon ƙashi da kumburin wurin allura, shi yasa shaƙar ta fi karɓuwa, ta fi kaiwa inda ake so kuma bata cika damun sauran jiki ba.

Ba zancen baka bane, an gwada. A Japan an yi gwaji da mutum 64, wasu suna shaƙar sargramostim safe da yamma na sati ɗaya su huta sati ɗaya har sati 24, wasu kuma na bogi, sakamakon ya fito a 2019. Shigar oksijin cikin jini ta gyaru a masu shaƙar na gaske, amma zan gaya miki gaskiya, gyaruwar bata da yawa kuma marasa lafiyar basu ji wani gagarumin bambanci a jikinsu ba, dama waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba aka ɗauka. Sai na molgramostim da aka yi a ƙasashe da dama da mutum 138, ya fito a 2020, nan an ga masu shaƙa kullum ba fashi sun fi samun sauƙi, har a yadda suke jin jikinsu. Aka sake wani da mutum 164 na tsawon sati 48, a sati na 24 ma'aunin da ke nuna yadda iska ke ratsa huhu, wanda za ki ga an rubuta DLCO a takardarsa, ya ƙaru da kusan maki 10 a masu magani, na bogi kuma kusan maki 4. A cutar da masu ita 'yan tsiraru ne, tara mutum 164 a gwaji ɗaya ba ƙaramin aiki bane. A 2024 Japan ta amince da sargramostim na shaƙa musamman don wannan cutar, a shekarar kuma ƙungiyar likitocin huhu ta Turai ta fitar da ƙa'idojinta inda ta sa GM-CSF na shaƙa a sahun farko ga wanda aka tabbatar PAP ɗinsa ta garkuwar jiki ce.

Wanda ya fi dacewa da halin maigidanki shine wani ƙaramin gwaji da aka yi a Italiya da mutum 18 masu ciwo mai ɗan tsanani. Duka an fara wanke musu huhu, sai rabi aka ɗora su akan shaƙar sargramostim rabi kuma aka barsu haka, aka bi su wata 30. Waɗanda ke kan magani sun daɗe sosai kafin su sake buƙatar wanki. Mutum 18 ba yawa, amma abin ya dace da hankali, in jakunkunan sun cika maƙil da maiƙo ta ina maganin shaƙa zai shiga? A fara kwashewa tukuna, sannan a tada masu shara su riƙe wurin. Saboda haka ni a ganina kada ki ɗauki wanki da magani a matsayin kishiyoyi, a wurin mutum irin maigidanki da sai an wanke duk bayan wata tara, haɗa su ne abinda ya kamata ku tattauna da likitansa.

Kuma dan Allah kada tsoro ya sa ku guji wankin in an ce lokacinsa ya yi. Na san abin akwai firgici, a yi wa mutum allurar barci a saka bututu mai baki biyu, huhu ɗaya yana numfashi da inji ɗayan ana ɗura masa ruwan gishiri mai ɗumi ana zuƙewa, lita 15 ko 20 wani lokacin fiye, ruwan ya fara fitowa fari kamar madara har ya koma garau. Amma tun shekarun 1960 ake yinsa, kuma har yau babu abinda ya kai shi saurin dawo wa mutum da numfashi in oksijin ya yi ƙasa sosai. Maganin shaƙa sai an yi makonni zuwa watanni kafin a ga aikinsa, wanda ke haki yana zaune ba zai iya wannan jiran ba.

Abubuwan da zan so ki sani kafin ku je: maganin baya cire antibodin daga jiki, rinjayarsu kawai yake yi, don haka in an daina wasu suna zama lafiya tsawon lokaci wasu kuma ciwon ya dawo a sake ɗorawa. Ba kowa yake yi wa aiki ba. Illolinsa galibi masu sauƙi ne, tari da ɗan ciwon ƙirji ne aka fi gani. Samunsa ya danganta da ƙasa, a wurare da yawa likita ne zai rubuta sargramostim na allura a rinƙa shaƙa, kuma ba kowace nebulaiza ce ta dace ba, wadda likitan ya ce ita za'a yi amfani da ita, kada a ce ai akwai ta mai asma a gida. In yana shan taba ya daina yau ba gobe ba, in aikinsa na ƙura ne kuma a duba yadda za'a raba shi da ita. Sannan duk ranar da ya yi zazzaɓi mai naci, ko tarin ya canza ya koma da majina ko jini, ko ciwon kai mai tsanani da ruɗewa, kada a ce ai PAP ɗin ce, ita kanta bata cika kawo zazzaɓi ba, a garzaya asibiti a faɗa musu sunan cutarsa don su nemi waɗancan ƙwayoyin da na ambata.

Likita ni ce mai ciwon, shekarata 35. Na shaƙi GM-CSF wata shida ban ga wani sauƙi ba kuma an wanke min sau uku. Likitana ya kawo maganar rituximab amma da na karanta sai na ga maganin kansa ne, jikina ya yi sanyi. Ko dai akwai abinda suke ɓoye min?
Daga wata mai bibiyar shafin nan

Ƙanwata kwantar da hankalinki, kawo maganar rituximab ba yana nufin kina da kansa ba. Gaskiya ne don kansar jini ta limfoma aka fara yinsa, amma an daɗe ana amfani da shi a cututtukan garkuwar jiki da yawa, har da ciwon gaɓɓai. Aikinsa rage ƙwayoyin jini da ake kira B, waɗanda daga cikinsu masu ƙera antibodi ke fitowa, wato shi ba ƙara saƙon yake yi ba, wurin da ake ƙera masu sace saƙon yake nufa. Ta ƙarin ruwa ake bada shi, yawanci sau biyu da tazarar sati biyu.

Sai dai hujjarsa a PAP bata kai ta maganin shaƙa ƙarfi ba. Gwajin da aka fi kafa hujja da shi na mutum 10 ne a Amurka a 2011, yawancinsu oksijin ɗinsu ya gyaru, amma babu rukunin bogi da aka kwatanta da su, bayanan da suka zo daga Faransa daga baya kuma basu nuna irin wannan nasarar ba. Shi yasa ƙa'idojin Turai suka ajiye shi ga wanda wanki da shaƙa basu wadatar ba, kuma bisa abinda kika rubuto ke kina cikin wannan rukunin, likitanki bai kauce hanya ba. Kafin a saka miki dole a gwada ciwon hanta nau'in B don yana iya tada shi in yana kwance, a tabbatar babu tibi ko wata ƙwayar cuta a huhun, a yi miki alluran rigakafin da suka kamata tun kafin a fara saboda bayan an saka basa kamawa sosai na watanni. In kina da niyyar ɗaukar ciki nan kusa ki faɗa masa tun yanzu.

Amma kafin a kai nan akwai tambayoyin da zan so ki yi masa, ba don ƙure shi ba. An auna antibodin GM-CSF a jininki an same shi? Wannan ba ƙaramar tambaya bace, kusan kashi 90 cikin 100 na masu PAP tasu ta garkuwar jiki ce, ragowar kuwa wasu ta gado ce inda masu sharar ne basu da kunnen jin saƙon, wasu kuma wata cutar ɓargo ce ko shaƙar ƙura mai yawa ta jawo, waɗannan ko shekara suka yi suna shaƙar GM-CSF ba a nan gizo ke saƙa ba. Na biyu, kullum kike shaƙa ko sati ɗaya a huta sati ɗaya, kuma an fara ne jim kaɗan bayan wanki ko sai da huhun ya sake cika? Na uku, sabon hoton CT ya nuna tabo a huhun? Wasu masu PAP bayan shekaru huhunsu na yin tabo ya ƙandare, in hakin daga tabo yake to wanki da shaƙa ba za su taɓa shi ba, magana ta koma wani fannin. Akwai kuma tace jini da inji don cire antibodin, wanda ake ajiyewa can ƙarshe, bayanansa daga ɗaiɗaikun marasa lafiya ne kuma antibodin na dawowa. Dashen huhu sai ga wanda tabo ya ci ƙarfinsa, shi ma an ga inda cutar ta dawo a sabon huhun tunda garkuwar jikin bata canza ba.

Malam Likita na ji ance maganin kolestarol yana maganin PAP, ina da shi a gida na babanmu, in fara?
Daga wani ɗan'uwa

A'a ɗan'uwa, bar wa Baba maganinsa. Zancen yana da tushe, an gano masu sharar huhun mai PAP cike suke da kolestarol da suka kasa fitarwa, kuma a 2018 aka wallafa binciken da ya nuna statin, wato maganin kolestarol ɗin, ya taimaka a ɓeraye da wasu 'yan tsirarun mutane, akwai kuma maganin suga pioglitazone da ake dubawa akan wannan dalilin. Duka biyun suna matakin bincike ne, basu maye gurbin wanki ko shaƙa ba. In kana da kolestarol mai yawa likitanka ya rubuta maka, shikenan, sai ku sa ido tare ku ga ko numfashin ma ya amfana.

Likita an gano ina da PAP ne a hoton da aka min saboda wani dalili daban, ni bana jin komai, ina aikina ina motsa jiki. Likita ya ce ba zai bani magani ba yanzu sai dai a rinƙa dubawa. Anya ba sakaci bane? Kuma matata tana tsoron kar ita da yara su ɗauka.
Daga wani magidanci

Ba sakaci bane Malam, abinda ya kamata kenan. Wanda bashi da haki kuma oksijin ɗinsa lafiya lau ba'a gaggawar ɗora shi akan magani, wasu suna shekaru a haka ba tare da ta motsa ba, wasu 'yan kaɗan ma tana washewa da kanta. Kuma ko an ce maka antibodinka yana da yawa a jini kada ya tada maka hankali, yawansa yana tabbatar da cutar ne amma baya nuna tsananinta, numfashinka da gwajin huhu ne ke nunawa. Sai dai dubawar ta zama ta gaske, ba a tafi sai an ji jiki ba: gwajin hura iska da DLCO, da tafiyar minti shida ana auna oksijin a yatsa, duk bayan 'yan watanni yadda likitan ya tsara. Cutar a hankali take sanɗa, mutum sai ya rinƙa rage tafiya da hawan bene bai ma lura ba, shi yasa nake so ka zaɓi wani abu guda da kake yi kullum, misali hawa bene biyu ba tsayawa, ranar da ka ga ya fara gagararka kada ka jira ranar da aka baka.

Uwargida kuma ka gaya mata ta saki jikinta. Ba ƙwayar cuta bace, ba'a ɗauka ta tari ko kwanciya ɗaki ɗaya, kuma irin ta garkuwar jiki ba'a gadonta, irin ta gado daban ce kuma galibi tun ana yara take bayyana. In gwajin jininka ya nuna antibodin GM-CSF, babu buƙatar a kai yaran wani gwaji.